Lissafin Sallah a Cikin Birnin Kano a Shekarun Matsi

A cikin birnin Kano, wato tsofaffin unguwannin da ganuwa ta kewaye waɗanda a yau suka rabu tsakanin ƙananan hukumomin Birni da Dala da Gwale, hidimar Sallah ba ta farawa ranar Idi kuma ba ta ƙarewa da saukowa daga masallaci, domin tun tsakiyar watan Sha'aban ake shiga sayen kayan azumi, daga nan a zarce da ɗinkin Ƙaramar Sallah, sannan kafin aljihu ya farfaɗo Babbar Sallah ta kawo kai da maganar rago, kasancewar kwana saba'in ne ko kusa da haka tsakanin Idin biyu. Idan aka lissafa daga ranar da aka auno geron kunu zuwa ranar da aka kammala suyar naman layya, za a tarar an ci kusan wata huɗu, wato kashi ɗaya cikin uku na shekara, ana kashe kuɗi fiye da yadda aka saba alhali abin da ke shigowa bai ƙaru ba. A shekarun yalwa wannan nauyi yana ɓoyuwa a cikin cinikin kasuwa da alherin 'yan'uwa, amma a shekarun matsi yakan fito fili, har ya tilasta wa maigida ya tantance abin da addini ya ɗora masa, da abin da al'ada ta ɗora masa, da kuma abin da idon maƙwabta kawai ya ɗora masa.

Abin da masana ke kira koma bayan tattalin arziki yana da ma'auni takamaimai, shi ne jimillar abin da ƙasa ta samar na kaya da ayyuka ta ragu a zango biyu a jere, kowane zango wata uku. Najeriya ta faɗa cikin wannan hali a 2016, bayan farashin gangar ɗanyen mai ya faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, kuma yadda abubuwa suka jeru a waccan shekara ya nuna yadda matsalar da ta taso daga kasuwar duniya ke isowa tukunyar gidan Yakasai ko Mandawari. A watan Mayu aka ɗaga litar fetur daga naira 86 da kwabo 50 zuwa naira 145, a daidai lokacin da wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna har kwandonsa ya gagari talaka. A watan Yuni, ana tsakiyar azumi, Babban Bankin Najeriya ya saki naira daga kusan 197 a kan dala ɗaya ta koma wajen 280. A ƙarshen Agusta Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta tabbatar da cewa an shiga koma baya, sannan ranar 12 ga Satumba aka yi Babbar Sallah, a makonnin da makarantu ke buɗe sabuwar shekarar karatu suna neman kuɗin makaranta da littattafai da inifam. Magidanci mai matsakaicin hali ya tsinci kansa a waccan shekara tsakanin rago da karatun 'ya'yansa, kuma hauhawar farashi, wato saurin da farashin kaya ke tashi idan aka kwatanta da bara, ta ci gaba da hawa har ta kai ƙololuwarta, sama da kashi 18 cikin ɗari, a Janairun 2017.

An sake shiga koma baya a 2020 sakamakon annobar korona, lokacin da dokar kulle ta rufe kasuwannin Kano daga tsakiyar Afrilu, kwanaki kaɗan kafin a ɗauki azumi, ga kuma iyakokin ƙasa na tudu a rufe tun Agustan 2019. Abin lura shi ne cewa matsin da mutanen birni suka fi ji a jikinsu, wanda ya biyo bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni na wannan shekara, bai shiga ma'aunin koma baya ba, saboda a takarda tattalin arzikin ƙasa yana ɗan ƙaruwa. Duk da haka dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar shekarar, litar fetur ta kai naira dubu, kuma buhun shinkafa mai kilo 50 ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli. A Fabrairun 2024 mata masu sana'ar gurasa a cikin birni sun fito zanga-zanga kan tsadar fulawa, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar kuma ta rufe wasu rumbunan ajiya a kasuwar Dawanau bisa zargin ɓoye hatsi. Ga gida mai lissafin Sallah, bambanci tsakanin koma baya da tsadar rayuwa ba shi da wani amfani, illa dai na farko yana rage ciniki da aikin yi, na biyu yana rage darajar abin da aka samu, kuma sau da yawa su biyun tare suke zuwa. Wani binciken Hukumar Ƙididdiga na 2019 ya nuna cewa abinci kaɗai yana cin fiye da rabin abin da gidajen Najeriya ke kashewa, ke nan duk tashin da hatsi da mai da sukari suka yi, daga kason ɗinki da rago ake ɗebowa a cike gurbinsa.

Kafin a yi maganar abin da za a rage, ya kamata a fahimci cewa gidan cikin birni ba aljihu ɗaya gare shi ba. A babban gida mai zaure da sassa, inda uba da 'ya'yansa masu aure da matan 'yan'uwa da tsofaffi ke zaune tare, kowane magidanci yana da nasa cefane amma akwai hidimomin da ake haɗuwa a kansu, sannan a cikin kowane sashe dukiyar mace tata ce a shari'a, ba ta shiga lissafin miji sai da yardarta. Matan birni sun daɗe da sana'o'in cikin gida, kamar ɗinkin hula da kitso da ƙunshi da suyar ƙosai da yin alkaki da dubulan da nakiya da kiwon tumaki, kuma wata masaniya 'yar Amurka, Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a Kano a shekarun 1970, ta bayyana yadda wannan ciniki ke gudana ta hannun yara 'yan talla ba tare da matan sun fita ba. A shekarun matsi wannan aljihu na biyu ne ke rufa wa gidaje da yawa asiri, domin uwa ce ke ƙaro takalmin yaro da ɗankunnen yarinya da kuɗin lalle, sau da yawa ba tare da an ambata ba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne maigida ya yi lissafinsa shi kaɗai a zaure, uwargida ta yi nata a ɗaka, kowa yana zaton ɗan'uwansa ya tanadi wani abu, sai ranar jajiberi a tarar an sayi abu ɗaya sau biyu an bar wani babu. A gidan da ke da mace fiye da ɗaya kuwa, kowace naira da aka ware wa atamfa sai an ninka ta, tunda fifita ɗaki ɗaya a kayan Sallah yana haifar da rigimar da ta fi kuɗin tsada.

Fikihun Malikiyya, wanda a kansa malaman zaure na Madabo da sauran unguwannin malamai suka tarbiyyantar da birnin tun ƙarnoni, ya riga ya jera waɗannan nauye-nauye bisa tsari, kuma tsarin nasa ya fi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi fiye da na al'ada. Ciyar da iyali da tufatar da su gwargwadon hali wajibi ne na kullum, ba na Sallah kaɗai ba. Zakkar fidda kai, wadda wasu ke kira zakkar kono, ita ma wajibi ce, mudun Annabi huɗu ne a kan kowane mutum daga abincin da mutanen gari suka fi ci, ana fitar wa kai da duk wanda ciyarwarsa ke wuyan mutum, ke nan gida mai mutum goma sha biyu zai auna mudu arba'in da takwas, abin da bai gaza kilo talatin ba sosai. Layya kuwa sunna ce mai ƙarfi, kuma Mukhtasar na Shehu Khalil, littafin da ake koma wa a hukuncin Malikiyya, ya shardanta cewa kada ta cutar da mai yin ta, abin da masu sharhi suka fassara da cewa kada ya zamana yana buƙatar kuɗin dabbar don lalurorinsa na shekara. Alhali a babin zakkar fidda kai littafin ya ambaci cewa ana fitar da ita ko da ta hanyar rance ne, ga wanda ke sa ran biya. Abin da ake gani a aikace sau da yawa akasin haka ne, domin mutum yakan ci bashin rago ba tare da ya yi shawara da kowa ba, amma ya tsaya yana ƙididdige mudun gero ko ya jinkirta shi har a sauko daga Idi. Sabon ɗinki ma ba sharaɗi ba ne, abin da aka so shi ne mutum ya yi wanka ya sa mafi kyawun tufafin da yake da su.

Akwai kuma sauƙin da mazhabar ta bayar wanda mutane da yawa ba su amfana da shi. Malikiyya ba ta yarda a yi tarayya a kuɗin dabbar layya ba, saɓanin sauran mazhabobi da suka halatta mutum bakwai su haɗu a kan sa ko raƙumi, amma ta yarda mai layya ya shigar da iyalinsa cikin lada da dabba ɗaya, matuƙar danginsa ne, suna zaune tare da shi, kuma yana ciyar da su. Ke nan rago ɗaya ya wadatar wa gida, kuma tunkiya ko akuya ko bunsuru da suka cika shekarun da shari'a ta ajiye, marasa aibi, sun isar duk da cewa rago ya fi falala. Wanda bai sami iko ba yana da watanda, wato jama'a su haɗa kuɗi su sayi sa a yanka a raba naman kashi-kashi, wadda ba ta ɗauke matsayin layya a fahimtar Malikawa amma tana sa tukunya ta yi ƙamshi yara su ci nama kamar na kowa. Watanda ta ƙara yaɗuwa a shekarun nan a majalisun unguwa da tsakanin abokan sana'a da ma'aikatan ofis ɗaya, har wasu sukan fara zubi tun bayan Ƙaramar Sallah, kuma wannan yana cikin dabaru mafiya hankali da matsi ya farfaɗo da su.

Farashin rago kansa ba a Kano ake yanke shi ba. Dabbobin da ke cika kasuwannin wucin gadi na bakin ganuwa da 'Yan Awaki gab da Sallah suna biyowa ne ta manyan kasuwannin mako irin su Wudil da Ɗambatta da Maigatari, kuma kaso mai yawa daga Jamhuriyar Nijar yake ƙetarowa, inda ake ciniki da sefa. Duk lokacin da naira ta faɗi a gaban sefa, ragon Damagaram ko Maraɗi yakan yi tsada tun kafin ya hau mota, sannan a ɗora masa kuɗin dizal da na dillali da na abincin kwanakin da zai yi a turke yana jiran mai saye. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya jawo rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, a 2025 kuma hukumomin Yamai suka hana fitar da dabbobi gab da Babbar Sallah don kare farashi a cikin gida, ga matsalar satar shanu da tashin hankali a yankunan kiwo na Zamfara da Katsina da Sakkwato. Masu jira sai jajiberi da fatan dillalai za su karya farashi don gudun komawa da kaya caca suke yi, wata shekarar ta yi kyau, wata shekarar a wayi gari kasuwa ta watse saura ramammu.

Ɗinki shi ne inda lissafin gidaje ya fi karkacewa, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. Kano gari ne na tufafi tun asali, da marinar Ƙofar Mata da masaƙa da mabuga da maɗinkan manyan riguna waɗanda sunan unguwa irin Soron Ɗinki ke tunatar da su, kuma kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ta yi suna ne da fataucin tufafin da ake kaiwa har hamada. A yau kuwa mafi yawan abin da ake sawa ranar Idi daga waje yake zuwa, domin masaƙun zamani na Bompai da Sharaɗa da Challawa, da na Kaduna, sun durƙushe tun daga shekarun 1990 zuwa na 2000, Kantin Kwari ya koma dogaro da atamfa da yadi da leshi na ƙasar Sin da shadda ta Turai. Ma'anar wannan ita ce farashin rigar yaro ɗan shekara biyar a Gwangwazo yana bin farashin dala sau da ƙafa, kuma ɗan kasuwar da ya sayar da tsohon kaya a sabon farashi ba lallai mugunta ce ta sa shi ba, tsoron kada ya kasa maido da kayan ne. Bayan kuɗin yadi akwai na tela, wanda shi ma ya tashi saboda zare da aikin surfani na inji da fetur ɗin janareta da yake kwana yana ƙonawa a goman ƙarshe, sai hula da takalmi da mayafi da agogo da jakar hannu. Al'ada ta ƙara wa abin nauyi da ta mayar da kayan Sallah kala biyu ko uku ga kowane yaro, na ranar Idi daban, na Hawan Daushe daban, na yawon gaishe-gaishe daban, sannan a shekarun baya-bayan nan aka shigo da anko na dangi ko na abokai da ɗaukar hoto don Facebook da TikTok, abin da ya mayar da maƙwabcin da ake gasa da shi daga na bayan katanga zuwa duk wanda ke cikin waya.

Gidajen da suka fi iya tsallake wannan mataki su ne waɗanda suka yarda da jeri mai sauƙi: yara ƙanana tukuna, domin su ne ba su san matsi ba kuma su ne baƙin cikin rashin sabon kaya ke yi wa illa a tsakanin tsara, sai mata, sai maigida a ƙarshe, wanda sau da yawa wanki da guga da kai tsohuwar hula wurin masu wankin hula sun ishe shi. Kala ɗaya mai kyau ya fi uku marasa ƙwari da za su koɗe kafin Babbar Sallah, kuma gidaje da yawa sun koma yin ɗinki sau ɗaya a shekara, a sa a Ƙaramar Sallah a adana a sake fitowa da shi a Babba. Kasuwar Ƙofar Wambai, inda ake samun gwanjo da takalma da kayan yara masu rangwame, ta daina zama wurin da ake shiga a ɓoye. Samari masu neman aure su ma suna da nasu nauyi, na kayan shan ruwa da kayan Sallah da ake kai wa gidan budurwa, wanda wasu suka faɗaɗa zuwa kwandon azumi mai cike da kayan gwangwani, kuma babu laifi iyayen yarinya su fito fili su ce an yafe, domin saurayin da ya fara da bashi kafin lefe gidan 'yarsu zai kai bashin.

Babban makamin mai lissafi lokaci ne, tunda kusan duk abin da Sallah ke buƙata yana da watan da yake araha. Gero da dawa da masara da wake suna sauka da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, su riƙa hawa har damina ta yi nisa. Yadi ya fi sauƙi a Rajab fiye da goman ƙarshe na Ramadan, tela kuma ya fi natsuwa ya fi cika alkawari. Ɗan rago da aka saya watanni biyar ko shida kafin Sallah aka turke shi a gida yakan zo da rangwame, ko da yake sai an lissafa dusa da harawa da kowa da magani, da haɗarin ciwo ko sata, da ƙuncin gidajen birni inda tsakar gida ba ta da faɗi. Sai dai wannan shawara, wadda ake yawan maimaitawa a rediyo kamar kowa zai iya, tana da iyaka, domin mai albashi ko mai jari ne ke iya sayen buhu da kaka. Ɗan adaidaita sahu da ɗan dako da mai tura kura da leburan gini, waɗanda sai an fita ake samu, da kwano ko gwangwani suke awo a kasuwar Rimi ko shagon unguwa, ke nan su ne ke sayen kaya a mafi tsadar farashi kuma a mafi tsadar lokaci. Ga irin waɗannan gidaje abin da ya rage shi ne haɗa ƙarfi, gida uku ko huɗu su sayi buhu ɗaya a Dawanau ko katan ɗaya a kasuwar Singa su raba, da kuma ajiyar yau da gobe komai ƙanƙantarta.

Hanyoyin ajiyar gargajiya suna nan da ransu, amma tsadar rayuwa ta sauya lissafinsu. Adashi, wato mutane su riƙa zuba kuɗi daidai wa daida a hannun uwar adashi kowa ya kwasa bi da bi, yana da amfanin tilasta wa mutum ajiya da ba shi dunƙulen kuɗi ba tare da ruwa ba, kuma an saba roƙon a ba mutum kwasar da ta dace da Sha'aban ko Zulƙida. Amma a shekarar da farashi ke tashi da kashi talatin cikin ɗari, wanda ya yi kwasar ƙarshe bayan wata goma sha biyu ya karɓi adadin da ya zuba cif, sai dai abin da kuɗin za su saya ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu idan aka kwatanta da lokacin da aka fara zubi, wato ya ranta wa na farko kyauta kuma ya yi asara. Wannan ne ya sa adashi mai gajeren zango ya fi dacewa da shekarun matsi, haka kuma mayar da kuɗi kaya da zarar sun shigo hannu, a sayi hatsi ko turmin atamfa ko 'yar tunkiya, ya fi barin su a asusu. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin sauya fasalin kuɗi, ya koya wa mutane cewa kuɗin da ke banki ma suna iya gagarar mai su, ko da yake shi ne kuma ya sa tura kuɗi ta waya ya shiga har wurin mai kayan miya.

Bashi shi ne ramin da Hausawa suka daɗe da hangowa, shi ya sa suke cewa Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Ba kowane bashi ne iri ɗaya ba: akwai na mai shagon unguwa da na ɗan'uwa, waɗanda ba su da ruwa amma suna cin mutunci idan aka saɓa alkawari, akwai ragon bashi da ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata ke rabawa a riƙa cira daga albashi wata-wata, wanda ke rage cefanen watanni uku ko huɗu masu zuwa saboda naman kwana uku, akwai kuma manhajojin bayar da rance ta waya, masu ruwa mai nauyi da gajeren wa'adi, waɗanda wasunsu suka yi ƙaurin suna wajen aika wa dangi da abokan wanda ya kasa biya saƙonnin tozarci, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta ɗauki mataki a kansu a 2022. Bayan haramcin riba, wanda ya isa hujja ga Musulmi, lissafi kaɗai ya isa ya nuna cewa rance mai ruwa don sayen abin da za a cinye ko a sa ba ya haifar da abin da za a biya shi da shi. Ma'auni mai sauƙi shi ne, duk hidimar da ba za a iya biyan bashinta kafin Sallah ta gaba ta iso ba, ta fi ƙarfin gidan.

Duk da haka, kiran a tsuke bakin aljihu yana da wata fuska da masu wa'azin tattali ba su cika dubawa ba, ita ce a cikin birni abin da wani ya kashe shi ne abincin maƙwabcinsa. Tela da mai kitso da mai ƙunshi da mai wankin hula da baduku da mahauci da mai niƙa da mai itace suna samun kaso mai tsoka na cinikin shekara a waɗannan watanni, kuma idan kowa ya janye hannu lokaci ɗaya matsin ne ke ƙara zurfi. An ga haka a shekarun da ba a yi hawa ba, a 2020 saboda annoba, da kuma lokacin da jami'an tsaro suka dakatar da hawan Sallah a 2024 da 2025 saboda rikicin sarautar Kano, inda masu kayan doki da masu ɗinkin rawani da alkyabba da makaɗa da masu sayar da ruwa da abinci a hanyar Ƙofar Kudu suka rasa kasuwar da suke jira, a daidai lokacin da hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin al'adun duniya da ake taskacewa a Disambar 2024. Saboda haka inda aka rage ya fi yawan abin da aka rage muhimmanci. Rage tsadar shadda da leshi yana rage kuɗin da ke fita ƙasar waje ne, amma hana tela aiki ko danne wa mai kitso haƙƙinta yana taɓa tukunyar gidan da ke lungu ɗaya da mai ragewar. Haka nan abin takaici ne cewa kason da aka fi saurin yankewa shi ne na zumunci, wato kwanon tuwon Sallah da ake aika wa maƙwabta, da goron Sallah na gwaggo da inna, da cinyar rago ta surukai, da ɗan abin da ake miƙa wa zawarawa da marayun dangi, alhali shi ne mafi ƙanƙanta a lissafi kuma shi ne abin da wasu gidaje ke dogaro da shi kacokan. Ciyarwar azumi ta gwamnati da rabon hatsi na attajirai da aikin Hukumar Zakka da Hubusi ta jihar suna rage wani abu, amma ba su san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba kamar yadda maƙwabci ya sani.

Wani abin da ke sauya lissafin daga shekara zuwa shekara shi ne kalandar kanta, kasancewar shekarar Musulunci tana gaza ta Turawa da kwana goma ko sha ɗaya, don haka Sallah tana zagaya yanayi. A 2016 azumi ya faɗo a Yuni da farkon Yuli, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa hatsi ke kan tsadarsa, Babbar Sallah kuma ta haɗu da kuɗin makaranta na Satumba. A 2024 an yi Ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu, Babba ranar 16 ga Yuni, azumin kuma ya faɗo cikin zafin da ya sa ƙanƙara kaɗai ta zama kaso a kuɗin shan ruwa. A shekaru masu zuwa azumi zai ci gaba da matsowa cikin sanyi kusa da kaka, abin da zai sauƙaƙa hatsi da kayan miya na rani, sai dai ɗinkin Ƙaramar Sallah zai riƙa kusantar kuɗin makaranta na zangon Janairu, Babbar Sallah kuma za ta zauna a bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare harawa da dusa suka yi tsada kuma turkakken rago ke kan ganiyar farashinsa. A 2030 watan Ramadan zai kama sau biyu a shekara ɗaya ta Turawa, a farkon Janairu da kuma ƙarshen Disamba, ke nan ma'aikacin da ke lissafi da albashin wata goma sha biyu zai sayi kayan azumi sau biyu a cikinsu.